In'inata da Mutanen Ofishinmu

Shekara shida na yi a wata ma'aikata a Abuja ban taɓa zama hira da kowa ba. Tun ina yaro nake da in'ina, kuma na riga na yanke hukunci: ni abin dariya ne, mutane kuwa jira kawai suke in buɗe baki. Duk dariyar da na ji a ofis, da ni ake. Sai na koma gyaɗa kai da miƙa 'yar takarda.

Matata ce ta gaji da ganina ina dawowa gida a unguwar Karu fuska a murtuke, ta matsa min sai da na je wurin wata mai ba da shawara kan damuwa a wani asibiti. Dattijuwa ce 'yar Filato. Ranar farko na daɗe ina kokawa da furta sunana. Ba ta ƙarasa min ba, ba ta kau da kai ba. Har haushi na ji, don na zo da shirin kama ta tana danne dariya.

Ta ce, "Oga, wa ya taɓa yi maka dariya a ofis?"

"K-kowa ma, Mama."

"Ba ni mutum ɗaya."

Na laluba, na laluba, ban samu kowa ba sai wani malaminmu na firamare da ya daɗe da rasuwa.

"To, laifin mutum ɗaya ka raba wa ofis guda," in ji ta. "Gobe ka gai da wani da bakinka. Ka kawo min abin da idonka ya gani, ba abin da zuciyarka ta raya maka ba."

Sai da na yi kwana huɗu kafin na iya. Na zaɓi matar da teburinta ke kallon nawa, wata 'yar garin Ushafa. Na ce, "Ina k-kwana, Madam?"

Biro ya faɗi daga hannunta. "Ikon Allah! Yau ka gan mu?"

A ranar na ji cewa a bayan idona "Mai Girma" suke kirana. Duk zatonsu raina su nake. Da na kai wa Mama labari, mu biyu muka yi ta dariya har da hawaye.

Da Madam za ta yi ritaya, ita da kanta ta ce ni zan yi jawabin ban kwana. Na miƙe gaban ofis gaba ɗaya. Harshena ya sarƙe sau ba adadi, na tsaya, na ja numfashi, na ci gaba. Babu wanda ya motsa har na dire, sannan ɗakin ya ɗauki tafi. Madam tana share ido da gefen gyalenta.

Washegari muka kaure da musun ƙwallo da direban ofis, har ya ɗaga hannu ya ce, "Haba Oga, ka bar wani ma ya yi magana mana!"