Gurbin Taɓarya ta Biyu

A barandar ajin yaƙi da jahilci na Gashuwa, Malama Gaji tana koya wa mata tsofaffin waƙoƙin daka, kafin injin niƙa ya mantar da su. Can gefe akwai wata baƙuwa daga Dagona, doguwar dattijuwa, zanenta na ƙanshin bandar kifi. Muryarta ta fi ta kowa daɗi, amma duk baitin da ta yi sai ta dakata, ta karkata kunne hagu.

"Iya, kina ja mana baya," in ji Gaji.

"Yi haƙuri, 'yata. Nan taɓaryar ƙanwata take sauka."

Gaji ta dubi hagun tsohuwar, ba kowa sai tabarma.

Aka sake ɗauko waƙar. Mata suka wuce baiti na gaba abinsu, ita tsohuwar tana nan tana jira.