Sunan Baffa a Bakin Buhun Wake

Ranar kasuwar Ajingi na ɗebi wake na shinshina, sai warin maganin ƙwari ya daki hancina. Nan take marigayi Baffa ya faɗo mini a rai, shi da yake adana nasa da toka da barkono. Na taɓa taya shi cika rumbu a garin Balan, muna ta atishawa, yana cewa, "Abin da ba za ka ba ɗanka ba, kada ka kai kasuwa."

Mai waken nan yayana ne, babban ɗan Baffa, kuma da sunan Baffa yake kiran masu saye.

Na ce, "Yaya, har da kai?"

Ya kawar da kai. "'Yan sarin Kudu ba sa ɗaukar mai huji."

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya tsare masa sunansa daga magadansa.