Gwangwanin Malam Hamadu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ina shirin fita makaranta, aka kira ni: wai Malam Hamadu mai gyaran rediyo na unguwar PK8 ya rasu.

Tun ɗazu na kasa zama. In ɗauki mayafi, in ajiye.

Shi ya haɗa mana ampli, wato na'urar ƙara sauti, ta islamiyyar mata a unguwar Alibandeng. Allon cikinta ma shi ya yi da hannunsa. Ya zana hanyoyin wuta a kan tagulla, ya tsoma a ruwan magani, sannan ya sa ƙaramin zarto ya yanke gefe, ya goge da magagari har allon ya zauna daidai cikin akwati.

In mun kai gyara, kujerarsa yake ba ni, shi ya tsaya.

Wata rana na duƙa ɗaukar takalmina, sai na ga guntun allo a ƙasa, da Bismillah a jikinsa, da tagulla. Ashe a gefen kowane allo yake rubuta ta, kuma gefen nan ne zarto ke cirewa.

Na ce, "Haba ƙanena, sunan Allah cikin shara?"

Kunya ta kama shi. Ya ce, "Malama, hannuna ba ya iya fara allo babu ita." Daga ranar ya samo gwangwanin madara, duk guntun da ya yanke a ciki yake sawa.

Alhamis da ta wuce na same shi yana yanka. Ya girgiza mini gwangwanin yana dariya: "Ya kusa cika fa. Wannan ba ya wankuwa kamar allonku, ba ya ƙonewa kamar takarda. Ke da kika tayar da maganar, ya za mu yi?"

Na ce bari in tambayi malamai.

Ban tambaya ba. Wallahi mantawa na yi.

Yanzu na ji 'yan'uwansa za su kwashe ateliyen, wato shagonsa, su mayar wa mai gida makulli. Wanda bai sani ba, tarkace zai gani. Na kira matarsa sau uku, ba ta ɗauka, kuma ina za ta iya yau?

Don Allah duk wanda ke kusa da PK8 ya riga ni isa. Gwangwanin yana ƙarƙashin teburi, ta hagu. Kar a zubar. Ni zan karɓa.

Ya Allah, bawanka ya girmama sunanka gwargwadon saninsa. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka ba iyalansa haƙuri.

Wanda ya karanta, ya yi masa ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ne.