Dabinon Gwaggo da Na'urar Furoje

Ko da zan manta ranar aurena, ba na jin zan manta ranar da gwaggona ta shiga ɗakin na'ura da takalminta da goro a baki, ta ce ba inda za ta sai an mayar mata da dabinonta. Matata ta sha jin wannan magana, ta daɗe da haƙura.

A shekarun casa'in ne, ina aiki a wani furoje, wato aikin raya karkara, a Gure, wanda ke tare rairayin da ke cinye kwarurukan da mutane ke lambu a ciki. Ni ne mai buga takardu. Da aka kawo na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda muke ce wa ordinatar, sai aka tura ni Damagaram na yi ɗan koyo na shan ruwan tsuntsaye, na dawo aka ɗora mini ita. Kai, wannan na'ura ta ga gata! Ɗakinta daban, da kilim mai sanyaya ɗaki, mu kuwa muna gasuwa a zaure. An ɗinka mata riga saboda ƙura. Ba a shiga wurinta da takalmi, ba a tari kusa da ita. Wallahi ko surukarsa direktanmu bai girmama haka ba.

Wani Bature ne ya tsara mana tablo a cikinta, wato jadawalin lambuna: kowane lambu da layinsa, ga gurbin sunan mai fili, ga na ƙauye, ga na yawan itacen dabino. Ya gama ya koma ƙasarsu abinsa. Bawan Allah bai yi da mugunta ba. A wurinsu, mai ƙasa shi ne mai itacen da ke kanta. Mu kuwa a kwarurukanmu ba haka abin yake ba. Mutum yakan dasa dabino a filin wani da yardarsa, fili na mai fili, dabino na wanda ya dasa har ya bar wa magadansa, in an sauke a ɗiba wa mai fili ɗan kasonsa. Wannan kowace akuya ta san shi, amma tablo bai sani ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Mijinta ya rasu bai bar mata komai ba sai dabinon da ya dasa a filin amininsa, a wani kwari ta wajen Gidigir. Shi ne cinta, shi ne suturarta. Aminin ma ya rasu, ɗansa ya gaji filin, shi kuwa irin mutanen nan ne da ba sa ganin abin wani su kau da ido. Masu ƙidayar furoje suka zo suka rubuta sunansa, suka jera dabinon Gwaggo a gabansa tunda ba wani gurbin. Shi ke nan ya samu abin yawo da shi a kasuwa: "Na'ura ta ce nawa ne." Kuma za a kai jadawalin Yamai, ya dawo da hatimi, a karanta shi gaban mai gari. A zamanin nan, abin da na'ura ta faɗa ya fi rantsuwar dattijai nauyi.

Gwaggo ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Motar kasuwa ta hau, ita da wasu tsofaffin mata masu irin damuwarta, suka zo suka shimfiɗa tabarma a ƙofar biro, wato ofishinmu, suka zauna. Ranar kuwa ita ce ranar da wasu baƙi daga Yamai za su tafi da disket, wato faifan da ake kwafe jadawalin a ciki, bayan azahar. Direkta ya leƙa ya gan su, ya kira ni. "Ƙara gurbin mai dabino, su tashi su ba mu wuri," in ji shi. Har na juya sai ya ce, "Af! Tunda za ka taɓa ta, ƙara wani gurbin na wanda ya duba aikin, a sa sunana a kowane layi." Mutum ne da ko a bangon makewayi yana son ganin sunansa. Kontabil, mai riƙe kuɗinmu, shi ma ya ji ana rabo, ya ce a faɗaɗa gurbin ƙauye, don yana datse wa sunan garinsu wutsiya.

Na cire takalmi na shiga. Ita na'urar nan da Ingilishi ake ba ta umarni, amma in za ta ci mutuncinka da Faransanci take yi. Na rubuta buƙatun nan uku a tare, na jera su yadda aka yi mini tarbiyya: na direkta a gaba, na kontabil a bayansa, na tsofaffi a ƙarshe. Na danna. Ƙit! Wani ɗan akwati ya fito: "Erreur de syntaxe." Wai ban jera maganata daidai ba. A ina? Oho! Ba ta faɗa. Na ƙara waƙafi, ta ƙi. Na cire, ta ƙi. Na sa baka, na sauya manyan baƙaƙe, na sake rubutawa daga farko kamar ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, da aka hora, amsa dai ɗaya ce.

Kafin ka ce kwabo ɗaki ya cika da masana. Direba ya ce in ɗan dake ta a gefe, haka yake yi wa motarsa. Gardi, wato mai gadinmu, ya ce a kawo turare, don kayan Nasara ba sa rasa mai su a ciki. Direkta ya gyara tabarau, ya karanta abin da kowa ke gani, ya ɗago ya ce, "Matsala ce ta sintas." Muka ce, "Haka ne, mushe," wato yallaɓai da Faransanci. Allah Ya ƙara ilimi! Sai ya duba agogo ya ce zai kai baƙi cin abinci, kuma gazuwal, wato man injin wuta, ya kusa ƙarewa. "In ba ta yi ba, a tura yadda take." Suka fita duka. Gaskiya na ji tsoro ƙwarai, don na san in disket ɗin nan ya tafi a haka, Gwaggo ta rabu da dabinonta, kuma da hannuna aka yi.

Ina cikin zufa duk da kilim sai na ji fal-fal-fal a bayana. Gwaggo ce, da takalminta.

"Gwaggo, ba a shigowa nan da takalmi!"

"Kabarin wane waliyyi ne?" Ta ja kujerar direkta ta zauna. Ta ƙura wa na'ura ido. "Wannan ce? Wannan abu mai kama da akwatin amarya shi ne ya ba da dabinona?"

Na ce ina ta roƙonta ne ta ƙi ji. Ta ce in faɗa mata da Hausa abin da na ce wa na'urar. Na fara: da farko a yi wa direkta gurbi. Ta daina taunar goro. Na biyu a faɗaɗa wa kontabil. Ta ce, "To ni ina?" Na ce, "Ke ce ta uku, Gwaggo."

"Ta uku! Ni da na goya ubanka? Mai tumbin nan dabinonsa aka ƙwace? Kai, ɗan nan, Allah wadaran naka ya lalace. Share nasu, ka roƙi nawa!"

Na ce ba haka ake yi ba, aikin ilimi ne. Ta juya harshe zuwa Barbarci, kuma duk wanda ya san Gwaggo ya san in ta koma Barbarci magana ta ƙare. Kada wani ya ɗauka ta gane wani abu ne game da na'ura. Ko alama. Son kai ne tsagwaronsa. Ni ma ba don na yarda na bi ba, haushi ne ya kama ni, na ce bari in nuna mata ta rufa mini baki. Na share na direkta, na share na kontabil, na bar layi ɗaya tal: a ƙara gurbin mai dabino. Na danna da ƙarfi.

Shiru. Ba ƙit, ba akwati. Na ce shi ke nan, na kashe musu amarya, yau sai gidan kaso. Na buɗe tablo, sai ga sabon gurbi a gefe, fari fes, yana jira. Ashe ita shegiyar in ka yi daidai ba ta cewa sannu, sai in ka yi kuskure take da baki. Daga baya na fahimci ba ta ɗaukar irin waɗannan umarni a cakuɗe, sai ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ruwanta da wane ne babba.

Sunan Gwaggo na fara sa wa. Sunayen sauran masu dabino kuwa, masu ƙidaya sun riga sun rubuta su a gefen takardunsu da suka rasa inda za su sa, na yi ta bugawa kamar ana korata. Na kwafe a disket, na yi wa kontabil nasa, ina shirin fara na direkta sai injin wuta ya yi tari ya mutu. Ban taɓa jin daɗin ɗaukewar wuta irin na ranar nan ba.

Amma kafin wutar ta tafi, Gwaggo ta ce in nuna mata sunanta. Ba ta iya karatu ba. Na nuna daga nesa, ita kuwa ta dangwala yatsa a kan gilashin na'urar, ta bar jan tabon goro. Ta daɗe tana kallo, sannan ta faɗi sunan mijinta a hankali, ta ce, "Ga su nan, ba su tafi ba." Na juya baya na yi kamar ina gyara waya.

Da jadawalin ya dawo aka karanta gaban mai gari, aka kira sunanta da dabinonta. Ɗan mai fili ya ce shi da ma wasa yake yi. Furoje ya daɗe da rufewa, na'urar ma ban san juji nawa ta zaga ba, amma Gwaggo a dabinon nan ta ci har ta koma ga Allah. Duk shekara takan aiko mini da ƙullin dabino biyu, ɗaya nawa, ɗaya "na shegiyar nan".

Abin da na koya shi ne, in za ka nemi abu a wurin mai taurin kai, na'ura ce ko mutum, nemi ɗaya, kuma ka fara da na wanda in bai samu ba zai kwana da yunwa. Manya ba sa rasa layin da za a sa sunansu.