Rubutun Malam Jagwalgwalo

Shekara talatin da ɗaya Malam Jagwalgwalo ya yi yana koyar da labarin ƙasa a sakandare ɗaya, gaban allo ɗaya mai tsaguwa a tsakiya. Rubutunsa ne ya ja masa sunan. Ya taɓa rubuta wa maiɗakinsa jerin cefane, mai kanti ya juya takardar sama da ƙasa, ya tura ta kantin magani, aka ba ta maganin tari.

Ɗalibansa dole ta sa suka koyi karanta shi. Daga karantawa suka faɗa kwaikwayo, har duk wanda ya kai aji shida a hannunsa sai rubutunsa ya koma kamar kaza ta yi tono.

A shekararsa ta ƙarshe ma'aikatar ilimi ta ce kowane malami shi zai duba jarrabawar fita ta ɗalibansa. Ƙungiyar malamai ta ce ba ta san zancen ba: iyaye za su hana su sakat, a dai yi musayar takardu da wata makaranta. Malam shi ne sakataren reshe. Da aka zo ƙuri'a ya ɗaga hannu tare da kowa, amma ba da son ransa ba. Yara arba'in da biyu gare shi, kuma in baƙo ya ga rubutunsu, ba wanda zai ci.

Injin buga takarda ya lalace, sai ya rubuta wasiƙar ƙungiya da hannu. Ma'aikata ta kafa kwamiti, aka yi mako uku a kanta. Rabi suka ce “mun yarda” ce, rabi suka ce “ba mu yarda ba”, mutum ɗaya ya rantse taswira ce. Ƙarshe aka kira shi.

“Malam, karanta mana abinka,” in ji daraktan ma'aikatar.

Da zai ce “mun yarda”, da yaransa sun tsira. Ya dubi takardar.

“Ranka ya daɗe, ba mu yarda ba.”

Ya koma gida ya kasa cin abinci.

Aka yi jarrabawa, aka kwashe takardun zuwa wata makaranta. Kwana shida sai ga malamar da aka ba duban ta iso da su cikin kwali, idanunta jajir.

“Don Allah Malam, da wane yare kake koyar da su?”

Ƙungiya da ma'aikata suka sake zama, suka yanke cewa shi zai karanta da baki, ita ta sa maki. Haka suka zauna a ɗakin malamai, fanka tana ƙara, yana karantawa tsakani da Allah, har kurakuran. Wasu suka ci, wasu suka sha da ƙyar.

A ƙasan takarda ta ƙarshe akwai layi ɗaya da ba amsar komai ba: “Malam, mun san kai kaɗai za ka iya karanta wannan. Mun gode.”

Ya cire tabarau yana ta gogewa da hannun riga.

“Me ya rubuta kuma?” in ji malamar.

“Sunan wani kogi ne.”

Ta leƙa, ta gyaɗa kai, ta ƙara maki ɗaya.