Dakalin da Muka Binne wa Tuluna

Haƙorana sun gama zubewa, amma shekarar da muka gina dakalin Kalankuwa a ƙauyenmu na wajen Kuyello ba za ta taɓa zubewa daga kaina ba. Tun Turawa ba su zo ba ake wannan magana.

Kalankuwa wasanmu ne na bayan kaka: samari su naɗa rawani su kwaikwayi dagaci da fadawansa, mu 'yan mata mu cashe. To a shekarar sai dagaci ya hana kiɗa. Yanzu da na tsufa ba na ganin laifinsa. Ganga ce ke sanar da gari cewa mahara sun fito daga daji, kuma a kakar baya kiɗanmu ya sa mutane suka watsar da dawa a gona suka sheƙo gida. Amma wasa ba kiɗa? Wallahi kuka na yi har idona ya kumbura, don Kalankuwar ƙarshe ke nan kafin bikina.

Innata maginiyar tukwane ce, ba ta da haƙurin kuka. "Ke, share min hancin nan! Jeki kwaso min tulunan da suka tsage."

Samari suka jera tubali a gindin dutse, rabin da'ira, tsayin gwiwa. Inna ta kifa tulunan a ciki, aka shimfiɗa azara a kansu, aka rufe da ƙasa. Mu kuma muka yi ta daɓe da ruwan makuba har ya yi baƙi wuluk yana sheƙi. Da ya bushe na taka, sai na ji dum! Na yi tsalle na rungume Inna.

Ranar wasa da la'asar muna tsakiyar rawa, dakali na amsawa, sai ga dagaci ya zo kallo. Fuskarsa ta murtuke. "Wa ya kaɗa min ganga?"

Inna ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, daga gida ka ji ta?"

"A'a, sai da na iso bakin dandali."

"To ko na gona ba zai ji ba."

Bai yarda ba, ya hau dakalin yana neman makaɗi. Dum! Ya tsaya cak. Ya sake takawa, dum! Sai dagacin wasa, da rawaninsa na tsumma, ya matso kusa da shi, ya murtuke fuska iri ɗaya, shi ma ya taka. Kai jama'a! Dagaci ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ku yi abinku, ja'irai."

Na yi rawa ran nan har ƙafata ta yi bororo. Tun daga lokacin, in an hana ni abu, ba na fara kuka. Sai in tambayi me mai hanin yake tsoro, in je in kwaso tuluna.