Ranar da Riskuwa Ya Yi Lodi a Asibiti

Duk mai bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu ya san Riskuwa. Ko bai san sunansa ba ya san motarsa, 'yar ja wadda ƙofar bayanta ba ta buɗuwa sai daga waje. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya gudu a hanya, ba ya musu da fasinja. In aka ba shi saƙon albasa ko buhun shinkafa har ƙofar gida yake kaiwa, ya tsaya a gaisa, ya sha ruwa. Direbobi suna tsokanarsa cewa shi kaɗai ake yi wa sannu da zuwa a gidan da bai san kowa ba.

A tasha ya girma. Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri, kakarsa Tamba ce ta goya shi a Argungu, tana suyar kifi a bakin tasha yana barci a bayanta. Da ya tasa ya fara wankin mota, ya yi kwandasta, har aka damƙa masa tuƙi. Duk abin da ya sani game da mutane a can ya koya. Mota ba ta tashi sai ta cika, fasinja kuma ba ya son shiga motar da ba kowa. Shi ya sa idan lodi ya yi sanyi 'yan kamasho kan shiga su zazzauna kamar matafiya, wani har da leda a cinya. Fasinjan gaske ya leƙo, ya ga saura kaɗan, ya shiga. Sai ɗaya daga cikinsu ya ce bari ya sayo ruwa, ya sauka, ba a ƙara ganinsa.

Lokacin da korona ta shigo, Tamba ta riga ta tsufa tukuf, ga ciwon fuka. In zafi ya tsananta numfashinta kan fita da wata 'yar ƙara kamar ana busa usur a nesa. Riskuwa kuwa wuni yake cikin mota da mutanen da bai san inda suka fito ba, kuma bai taɓa isa Argungu ya juyo bai leƙa ɗakinta ba. Abin da ya tsaya masa a rai ke nan, kada ya zama shi ne zai kai mata cutar da hannunsa.

Da ya ji a rediyo an kawo allurar rigakafi kuma da tsofaffi za a fara, sai ya soma lallashi. Tamba ta nuna masa tabon lamba a damtsenta, ta ce wadda aka yi mata tun tana yarinya ba ta ƙare aiki ba tukuna. Ya koma da goro, ya koma da fura, ya koma da dogon bayani. A ƙarshe ta yarda, amma da sharaɗi: a tafi da ƙanenta Maigandi, wanda shi ma sai da sanda yake tashi, kuma shi Riskuwa a yi masa tasa a gaban idonta.

"Sau ɗaya nika tahiya, maigida," in ji ta, don haka take kiransa da wasan jika da kaka. "In nid dawo ba allura, kada ka ƙara yi min zancenta."

Ya san halinta. Ba ta maimaita magana.

Matarsa Nazifa ce ta yi musu rajista ta waya, aka ba su rana a wani ƙaramin asibiti a unguwar Badariya cikin Birnin Kebbi, kusa da gidansa, don in jikin tsohuwa ya motsa ga mai kula da ita. Ranar ya ɗauko su daga Argungu yana lallaɓa motar kamar ya ɗauko ƙwai, saboda haka ba su isa ba sai da hantsi ya yi.

Mai yin allurar Sista Yejide ce, haifaffiyar Birnin Kebbi, mahaifiyarta atamfa take sayarwa a kasuwa. Ta durƙusa ta gaida tsofaffin, sannan ta ja Riskuwa gefe. Ta ce kowace kwalba maganin mutum goma ne a ciki, kuma da zarar an buɗe dole a ƙarar da ita a yinin, abin da ya rage zubarwa ake yi. Kwalbar safe ta ƙare kafin su iso. Yanzu ga su uku, ga wani tsohon malamin makaranta da wata mai sayar da tumatir a kan benci. Ba za ta iya buɗe sabuwa saboda mutum biyar ba, sai dai su jira.

Suka jira. Mutane kan leƙo daga ƙofa, su ga benci wayam, su gyara takunkumi su wuce, don garin cike yake da jita-jita a kan allurar. Rana ta ɗaga, kwanon rufi ya fara ƙara. Maigandi ya sauka daga benci ya zauna a ƙasa bakin ƙofa yana neman iska. Usur ɗin ƙirjin Tamba ya soma fitowa. Ta kira Riskuwa ta shaida masa cewa ana kiran azahar za ta tashi, a mayar da ita gida.

Ya tsaya yana kallon bencin nan, sai abin ya faɗo masa. Ai wannan lodi ne ya yi sanyi.

Bai zame ko'ina ba sai tasha, wurin Hodi, babban 'yan kamasho, ƙato mai muryar da ake ji daga tsallaken titi. Ya ce masa zama kawai za su yi, da an buɗe kwalba kowa ya sulale, ladansu kuma soyayyen kifin Argungu. A ransa bai ga cuta a ciki ba. A tasha duk kujerar da ɗan kamasho ya bari wani ne ke zuwa ya zauna.

Ya kwaso su biyar. Suka shigo da sallama, takunkumi a ƙarƙashin haɓa, suka jeru a ƙarshen benci ta wajen ƙofa, kowa da rabin zama. Sirajo, siririn cikinsu mai yawan ƙifta ido, har da ledarsa a cinya saboda sabo.

Yejide ta ƙirga kai, ta shiga ciki ta fito da akwatin sanyi. Ta ajiye shi a tebur, ta ɗora hannu a murfin, sai ta tsaya. Ta dubi ledar Sirajo, ta dubi irin zaman da suka yi, ta daɗe tana duban ƙaton da ke tsakiya.

"Hodi, ba kai ne ka sauka sayo ruwa ba ranar da zan je biki Argungu? Har yau muna jiranka."

Mai tumatir ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Hodi ya ce mutum da mutum suna kama. Yejide ta ce ba komai, tunda duk allura suka zo, ta ƙarshen benci za ta fara, tsofaffi su biyo baya. Sannan ta juya ga Riskuwa, ba tare da faɗa ba, ta ce in ta buɗe suka gudu, maganin da za ta zubar na kakar wani ne.

Maganar ta shige shi. Bai taɓa kawo wannan a ransa ba.

Sirajo ya miƙe a hankali, ya ce ƙishi yake ji. Yana isa ƙofa Maigandi ya miƙe ƙafafunsa biyu suka gitta hanyar. Sirajo ya ja birki. Ko a tasha babu wanda ya yi lalacewar da zai tsallake ƙafar dattijo. Ya rusuna ya gaishe shi ko zai janye. Maigandi ya amsa da fara'a, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi, ya tambayi ko shi ɗan wane ne, ƙafa kuwa tana nan inda take.

Hodi ya yunƙura zai tashi, sai ya ji an riƙe shi. Tamba ce ta kama gefen rigarsa da 'yan yatsunta da ba su fi tsinke ba. Da ya motsa kaɗan da ta saki, amma wa zai fizge riga daga hannun tsohuwa?

"Abokin maigida ai maigida na," ta ce. "Ina zaka ka bar amarya asibiti?"

"Kaka, mota ce ke jirana."

"Ta jira. Ku ma kun sa mutane jira."

Aka sake dariya, amma Yejide ba ta yi ba. Ta ce ita ba ta yi wa kowa allura dole. Ta roƙi Baba Maigandi ya janye ƙafa, duk mai tafiya ya tafi, wanda ya zauna kuma ya faɗa da bakinsa cewa yana so.

Maigandi ya naɗe ƙafafunsa. Ƙofa ta buɗe, ga hasken titi. Daga wani masallaci can nesa aka fara gwada lasifika.

Riskuwa ya kasa duban kowa. Ya ce su yi haƙuri su tafi, shi ne ya jawo su. Ya durƙusa ya jawo takalman Tamba daga ƙarƙashin benci yana sa mata. Ɗakin ya yi tsit, ba abin da ake ji sai numfashinta, yana shiga da ƙyar, yana fita da 'yar busar nan. Hodi yana gefenta, kusan a kunnensa take yi.

Hodi ya gyara zama. Can ya tambayi Yejide, da muryar da ba a san yana da ita ba, ko gaskiya ne allurar tana hana haihuwa. Ta ce ba gaskiya ba ne, ita ma an yi mata, abin da zai ji bai wuce tsamin hannu ba, wataƙila da ɗan zazzaɓi. Ya tambaya ko doguwa ce. Ta nuna masa da yatsa.

"Kaka, sakar min rigar," ya ce. "Sai na tuɓe ta za a samu hannun."

Da babbansu ya tuɓe, sauran suka dubi juna, ɗaya bayan ɗaya suka ce a yi musu. Sirajo ya tsaya a ƙofa ƙafa ɗaya a waje, ya dubi titi, ya dubi Maigandi da ke masa murmushi, ya dawo ya zauna, wannan karon zama sosai.

Yejide ta buɗe kwalbar, da Tamba ta fara. Tsohuwa tana cikin ba ta labarin yadda Riskuwa ya taɓa faɗawa kwandon kifi yana rarrafe aka yi aka gama, ta ci gaba da miƙa hannu tana tambayar yaushe za a fara. Maigandi ko gezau. Hodi ya runtse ido yana karanto duk addu'ar da ya iya, har da ta shiga mota.

Riskuwa ne na ƙarshe. Ya zauna ya naɗe hannun riga, idonsa ya sauka a kan kakarsa, tana zaune da 'yar auduga danne a damtse, tana gyara wa mai tumatir ɗaurin kallabi. Yejide ba ta ko gama goge masa fata ba hawaye suka zubo masa.

"Ku dubi maigida," in ji Tamba. "Ba a taɓa shi ba yana kuka."

'Yan tasha suka yi ta shewa, Hodi ya rantse sai kowane direba ya ji wannan labari. Riskuwa ya share fuska da bayan hannu, ya bar su suka yi dariyarsu, bai gyara musu ba.